Daga Tafa Zuwa Ƙetare: Mai Suna A Kan Kwali Shi Ke Amsa Tambaya

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Kaduna ya san Tafa, ko da bai taɓa tsayawa shan ruwa a can ba. Tireloli da tankokin mai ne jere a kafaɗar titi hagu da dama. Wasu sun taso daga Legas za su Kano, wasu sun ɗauko hatsi ko shanu sun nufi Kudu. Direbobi na miƙe ƙafa, yaran mota na duba taya, masu shayi da masu tsire na cin kasuwarsu har asuba. Mutanen yankin sun san kaya, sun san yadda ake ɗaure su, sun kuma san farashin kowane shingen jami'ai da ke kan hanya.

Amma akwai wani irin kaya da ba ya cika tirela, kuma shi ya fi hana mutane barci. Yaro ya samu gurbin karatu a Ingila. Ma'aikaciyar jinya ta samu aiki a Kanada. An ɗaura auren yarinya za ta bi mijinta Jidda. Ma'aikacin gwamnati da tsadar haya a Abuja ta sa ya kama gida a Sabon Wuse ko Gauraka an tura shi aiki wani ofishin jakadanci. Kowannensu yana da tufafi, littattafai, tukwane, bargo, da ɗan abin miya da ba zai iya rabuwa da su ba. Filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ba shi da nisa daga nan, in hanyar Madalla da Zuba ta yi sauƙi, kuma wannan kusanci ne ke yaudarar mutane su ɗauka aika kaya ƙetare ɗaya yake da ɗora buhu a motar Kaduna a ba direba lambar waya.

Ba ɗaya ba ne. Direban tasha ya san ka, ko ya san wanda ya san ka. Jami'in kwastan da ke Landan ko Jidda bai san kowa ba sai sunan da ke rubuce a takarda. Abin da ke cikin kwali, ko mai sunan ne ya sa, ko gwaggonsa ce ta cusa da dare yana barci, shi za a tambaya.

Awo kafin komai

Hanya biyu ce: sama ko ruwa. Ta sama ta fi sauri, ta fi tsada, kuma kamfanonin awo ba nauyi kaɗai suke sayarwa ba, har da fili. Wannan ne ke jawo musu a gaban sikeli. Mutum ya auna kwalinsa a gida ya ga kilo 9, barguna ne da filo kawai, ya zo a ce masa kuɗin kilo 25 zai biya, sai ya rantse cutarsa ake so a yi. Ga yadda lissafin yake. Ma'aikacin zai ɗauko tef ya auna tsawo da faɗi da tsayin kwalin da santimita, ya ninka su, ya raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 50 ya ba da 150,000, in an raba ya zama 25. Sai a duba nauyin sikeli da wannan adadi, wanda ya fi yawa shi ake biya. Kamfanonin kai saƙo na gaggawa irin su DHL da 5,000 suke rabawa, wato wannan kwalin dai a wurinsu kilo 30 ne. Shi ya sa bargo da katifa da robobin kicin ba su cancanci hawa jirgi ba. Kuɗin awonsu kan sayi sababbi a can har a samu canji.

Hanyar ruwa ta masu tashi da gida ɗungurungum ce. Ƙaramar kwantena, mai ƙafa 20, tana cin kusan kubik mita 33, babbar mai ƙafa 40 kuma ninki biyu. Wanda kayansa ba su kai haka ba sai ya shiga haɗaka, a cusa nasa da na wasu a kwantena guda. Arahar haɗaka tana da illa: kwantena ba ta tashi sai ta cika, kuma in aka samu abin laifi a kayan mutum ɗaya, na kowa ne zai tsaya har a gama bincike. Daga Tafa kuma sai kaya sun fara tafiyar da ta haura kilomita 700 zuwa Apapa ko Tin Can a Legas kafin su ga ruwa. An buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kakuri, Kaduna, a watan Janairun 2018 don a rage wa Arewa wannan wahala, aka buɗe ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024. Amma waɗannan sun fi amfanar 'yan kasuwa masu cika kwantena da citta ko riɗi. Mai kwali goma har yanzu Legas ko filin jirgi yake nufa.

Akwai kuma maganar akwatin katako. Kafinta a Suleja zai haɗa maka akwati mai kyau da ƙwari, amma ƙasashe da yawa suna bin wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISPM 15, wadda ta ce duk katakon da aka yi marufi da shi sai an gasa shi ko an yi masa hayaƙin kashe ƙwari, an buga masa tambari. Akwatin da ba shi da wannan tambari ana iya mayar da shi ko a lalata shi, mai kaya ya biya.

Bayan awo sai takardu. Takarda ta farko, wadda ta fi duk sauran muhimmanci, ba a ofis ake samunta ba. Jerin kaya ce, wadda mai kaya zai zauna a tsakar ɗaki ya rubuta da hannunsa yana cika kwali: kwali na 1, atamfa ɗinkakka kala 12, mayafi 6, takalma ƙafa 4, kwali na 2, littattafai 30, a kuma sa kimar kowanne. Mu kuwa mun saba da rubuta "kayan sawa" a kan komai, a naɗe da salatif har kwali ya koma kamar dutse. Jami'in da ya karanta "kayan sawa" ya ga tukunya da ƙullin gari a na'urar haska kaya, dole ya sa wuƙa. Kuma da zarar ya kama ƙarya ɗaya, ba zai ƙara yarda da sauran kwalayen ba.

A gefen Najeriya, kayan da ba na sayarwa ba suna fita ne da fom ɗin NCX, wanda ake cikawa ta banki, saɓanin NXP na 'yan kasuwa. A rumbun kaya na filin jirgi ba kwastan kaɗai ake tararwa ba. Akwai hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, akwai NAQS mai duba tsirrai da dabbobi da abin da aka samu daga gare su, ita ke ba da takardar shaidar cewa kayan gona ba su da ƙwari ko cuta, sannan NAFDAC na da ta cewa kan abinci da aka sarrafa da magunguna. Ita kanta hukumar kwastan tana aiki ne da sabuwar dokar 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar da aka gada tun kafin samun 'yancin kai.

Wani abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye shi ne tukwane. A Suleja ne, lokacin tana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga. Tukwanenta sun tsallaka teku, an baje su a Landan a 1958 da 1959 da 1962, yau hotonta na bayan naira 20. Har gobe mai tafiya waje kan so ya tafi da tulu ko kaskon Gbagyi don ado ko kyauta. Babu laifi, sai dai kayan tarihi suna cikin abin da Najeriya ta haramta fitarwa, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ɗauki abin hannu da aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a wata al'ada ta gargajiya, a matsayin kayan tarihi. Jami'in filin jirgi ba masanin tukwane ba ne. Da ƙasar Nok a nan kusa a Kudancin Kaduna, inda aka daɗe ana haƙe gumakan yumɓu ana sace su zuwa Turai, ba za a ga laifinsa ba in ya tsare sabuwar tukunya. Maganin abin shi ne rasit daga inda aka saya, da takardar izini daga hukumar gidajen tarihi. Jakar fatar kada ko ta mesa, da duk abin da aka yi da hauren giwa, waɗannan kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, suna iya kai mutum kotu a nan ko a can.

Garar amarya a gaban sikeli

Inda rigima ta fi yawa shi ne abinci, domin a nan ne zuciyar iyaye mata take. Ka shiga gidan da ake shirin kai amarya waje ka gani. An shimfiɗa tabarma, ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga zoɓo, ga garin kunu da na ɗanwake, ga yaji kala uku. Daddawa an naɗe ta a leda, an sake naɗewa, an sa a roba mai murfi, an bi da salatif, amma duk da haka tana sanar da kanta. Gefe guda alkaki da nakiya da dubulan. Sannan uwa ta fito da abin da ta fi ji da shi: kilishi, dambun nama da galan ɗin man shanu.

Waɗannan ukun na ƙarshe su ne ba za su shiga ba. Birtaniya ta hana shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, ko a jaka ko ta awo ko ta gidan waya. Bushewar kilishi ba ta fitar da shi daga nama ba, man shanu kuma ɗan madara ne. Kifi busasshe an yarda matafiyi ya shiga da shi har kilo 20, zuma kuma kilo 2. Amurka ma ba ta karɓar kilishi, kuma tana da karnuka a filayen jirgi da aikinsu kawai shinshino abinci. Wanda ya ɓoye aka kama, tarar farko takan kai dala 300, wanda kuwa ya faɗa da bakinsa, ƙwacewa kawai za a yi ya wuce. Naman daji ya fi haka muni, tararsa na iya kaiwa dala 250,000. Ko shinkafa, wadda Jihar Neja ke alfahari da ita, Amurka ba ta barin a shiga da ita a kayan mutum daga ƙasashen da ake samun wani ƙwaron hatsi mai suna Khapra, Najeriya da Nijar na ciki. Wake kuma Tarayyar Turai ta rufe wa na Najeriya ƙofa a 2015, saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya ya wuce ƙima.

Ganye busasshe da gari, irin kuka da zoɓo da yaji, sun fi samun sauƙi in sun bushe sosai, babu ƙwari, babu ƙasa, an zuba su a leda mai haske an rubuta sunan kowanne da Turanci. Rashin rubutun nan ne ke jefa kayan mata da maganin gargajiya cikin matsala. Ƙullin farin gari ba suna, ba bayani, a hannun jami'in da bai taɓa jin gagai ko minannas ba, sai ya tura ɗakin gwaji, kwali ya kwana a rumbu ana lissafa kuɗin ajiya. Humra da turaren kwalba kuwa matsalarsu ta kamfanin jirgi ce: ruwa ne mai kama wuta, ana lissafa shi cikin kaya masu haɗari, kamar batirin waya da na cajin tafi-da-gidanka da ba a yarda a sa a jakar da ke shiga ƙarƙashin jirgi ba.

Alhazai sun fi kowa sanin wannan darasi, ko da yake kowace shekara sai an maimaita. Saudiyya ba ta yarda a shiga da goro ba, kuma hukumar alhazai ta NAHCON ba ta gajiya da gargaɗi a kai, amma ba a rasa mai cusa shi a cikin garin kunu. A dawowa kuma sai a cusa Zamzam a tsakiyar jaka, alhali an hana, tunda ana raba wa kowa lita 5 daban. Jaka ɗaya in an gano ruwa a ciki sai an sauke ta an buɗe.

"Ɗana, ga ɗan saƙo"

Abin da ya fi kilishi haɗari shi ne kunya. Da an ji mutum zai yi tafiya, sai gida ya cika da masu sallahu. Gwaggo ta zo da ƙulli a ɗinke: "Ɗana, ga ɗan saƙo ka kai wa ƙanwarka, ba nauyi." Maƙwabci ya kawo ambulan, abokin aiki ya kawo kwalin magani. A tarbiyyarmu, buɗe saƙon babba a gabansa rashin ɗa'a ne, kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Ita Gwaggo ba ta da mugun nufi, amma wataƙila ita ma wani ne ya ba ta, shi ma wani ya ba shi.

Labarin Zainab Aliyu ya isa misali, duk da ita ba ma saƙo ta karɓa ba. A lokacin ɗaliba ce a Jami'ar Maitama Sule da ke Kano, ta tafi Umara da mahaifiyarta da 'yar'uwarta a watan Disambar 2018. Hukumomin Saudiyya suka kama ta a Madina saboda wata jaka mai ɗauke da ƙwayar tramadol da aka maƙala wa sunanta. Binciken NDLEA ya gano wasu ma'aikata ne a filin jirgin Malam Aminu Kano ke maƙala sunan fasinja a jakar da ba tasa ba. Sai a ƙarshen watan Afrilun 2019 aka sake ta, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa. Wata huɗu ta yi a tsare kan jakar da ba ta taɓa gani ba. To ina ga wanda ya ɗauko ƙullin da hannunsa, ya kuma amsa wa jami'i cewa shi ya haɗa kayansa?

A ganina wannan wuri ne da ya kamata al'ada ta sassauta. Ba raini ba ne mutum ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri mu buɗe tare, dokar jirgi ce, sai na rubuta abin da ke ciki." Mai saƙon gaskiya ba zai ƙi ba. Haka nan a wajen awo, mutum ya ƙirga jakunkunansa, ya ƙirga 'yan takardun da aka manna masa a bayan tikiti, ya tabbata adadinsu ɗaya, ya ɗauki hoton kowace jaka da waya. In nauyinsa bai cika ba wani ya roƙa a ɗora tasa jakar a kan sunansa, amsar ita ce a'a, ko limamin unguwa ne. Maganin asibiti kuma ya tafi a kwalinsa na asali da takardar likita, musamman masu sa barci ko kashe ciwo, waɗanda ƙasashen Larabawa ba sa wasa da su. Kuɗi in sun haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, dokar Najeriya ta ce a bayyana wa kwastan a rubuce, fita ko shigowa.

Yawancin ƙasashe ba sa karɓar kuɗin fito a kan tsofaffin kayan mai ƙaura, amma kowace da sharaɗinta, kuma sharaɗin yakan faɗa kan lokaci. A Birtaniya ana neman izini ta intanet da fom ɗin ToR1 tun kafin kaya su isa. Sai mutum ya zauna wajen ƙasar wata 12 a jere, kayan sun kai wata 6 a hannunsa, kuma ba zai sayar ko ya ba da aronsu ba har shekara guda. Amurka na neman fom mai lamba 3299 ga kayan da ba su zo tare da mai su ba, kuma kayan gida sai an yi shekara ana amfani da su. Kanada ta fi kama mutane: ranar da ka fara sauka za ka miƙa jerin kayan da ke tafe a baya, a fom ɗin BSF186, a buga masa hatimi. Abin da ba ya cikin jerin nan, in ya iso daga baya, sai an biya masa. Duk wannan ya nuna inda kayan lefe da kayan ɗaki ke tuntuɓe. Mu sabo fil muke so, da leda da tambarin kanti, don a san iyaye sun yi ƙoƙari. Kwastan kuwa sabo a wurinsa abin biyan fito ne, turmin atamfa 20 da ba a ɗinka ba kuma haja ce, ko da an rantse na amarya ne.

Game da ejan, wato wanda ake ba wa kaya ya aika, magana ɗaya ta isa. Kalmar "har ƙofar gida" tana da daɗin ji, amma a sa shi ya rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: fito a can, kuɗin ajiya, kai wa gida, inshora. A kuma karɓi lambar takardar jigila ta kamfanin jirgi, ba rasit ɗin shagonsa kawai ba, don da ita ce ake bin sawun kaya. Araha dai ba ta ado.

Dawowa gida ma da nata

Wanda ya gama karatu ko aiki zai dawo yakan ɗauka tunda ƙasarsa ce babu tambaya. Ƙa'idar kwastan ta yafe fito a kan kayan amfanin kai ga wanda ya zauna waje aƙalla wata 9, in kayan an yi amfani da su ba na sayarwa ba ne, kuma akwai fom na musamman na kayan da suka biyo bayan fasinja, wanda ake haɗawa da fasfo a ga ranar fita da ta shigowa. Talabijin ɗaya da firji ɗaya kayan gida ne. Talabijin shida a kwalayensu kasuwanci ne. Tsofaffin tufafin mutum nasa ne, amma dilar gwanjo tana cikin abin da aka haramta shigowa da shi, duk da cika kasuwanni da ta yi. Tun watan Satumbar 2025 an kuma yafe fito a kan ƙananan kaya da kimarsu ba ta wuce dala 300 ba, wanda ya sauƙaƙa wa masu aiko wa iyaye waya ko takalmi.

Mota ba ta cikin wannan rangwame. Ko shekara goma mutum ya yi yana hawanta a waje, sai ya biya mata fito, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya sa hanyar Kwatano ta zama ta fasa-ƙwauri. Wanda ya karɓi mota daga hannun ejan ba tare da ya tabbatar da takardun fitonta a ofishin kwastan ba, bai gama da hukumar ba don ya bar Legas. Rundunar sintirin kwastan ta shiyya ta biyu, mai hedikwata a Kaduna, ita ke kula da hanyoyin wannan yanki har Jihar Neja, kuma tana da ikon tsayar da mota ta nemi takarda ko an shekara da sa mata lamba. In takardar ta jabu ce, ko an rage kuɗin da ya kamata a biya, motar za a tsare, kuma mai ita ne zai yi ta zirga-zirga tsakanin Tafa da Kaduna har ya cika gibin.